Daren Laraba a Hull

Ƙarfe biyu saura kwata aka kawo shi,
ruwan sama na dukan gilashin ɗakin gaggawa,
an naɗe shi cikin bargo mai zanen jirgin ƙasa.
Kieran, shekara huɗu ba wata biyu.
Uwar ta ce daga matakalar bene ya faɗo.
Mutumin da ke tsaye bayanta ya ce daga kan gado.
Suka dubi juna. Ta ce, e, gado ne, na manta.

Na durƙusa na ce, sannu maigida, sunana Uwani.
Bai dubi fuskata ba. Hannuna yake kallo,
duk inda hannun ya nufa idonsa na biye,
kamar ɗan tsakon da ya taɓa ganin inuwar shirwa.

Yaro irin wannan, allura na taɓa shi,
sai ya tsaga asibiti da ihu.
Shi ko uffan.
Ya miƙo hannu, ya ƙame.
Wani ya riga ya koya masa
cewa kuka ƙari yake jawowa.

Na ɗaga rigarsa don in saurari ƙirji.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki,
na san inda wasa ke barin sawunsa:
goshi, gwiwa, ƙwauri.
Wasa ba ya zagayawa bayan kunne.
Wasa ba ya barin shatin yatsu huɗu a damtse
da na babban yatsa ta ɗaya gefen.
A tafin ƙafa kuma ga tabo zagayayye,
daidai bakin taba sigari.

Sai muryar kakata ta taso min tun daga Funtuwa:
ba a shiga tsakanin harshe da haƙori,
rufin asiri ya fi riga,
ke kuma baƙuwa ce a ƙasar mutane.
In kin yi kuskure fa?
In kin raba uwa da ɗa a banza?

To amma ita dai kakar ce ta ce min ɗa na kowa ne.
Kuma na tuna Ɗanliti na gidan maƙwabta,
katanga ɗaya ce tsakaninmu,
muna jin komai, muna ƙara muryar rediyo.
Ranar da aka fito da shi cikin tabarma
aka ce zazzaɓi ne,
muka ce Allah ya sa mai ceto ne.
Har yau ban san wa zai ceta cikinmu ba.

Na ja Dakta Pillai gefe, bayan labule.
Ta duba, ta sake dubawa, ta ce a ɗauki hoton ƙashi,
ta ce yau nan zai kwana.
Na ɗauko takardar nan mai zanen jikin yaro,
gaba da baya, ba ido, ba baki,
na sa alama duk inda na ga alama.
Ban rubuta zato ba. Ni ba alƙali ba ce.
Abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji,
da ƙarfe nawa, daga bakin wa.
Sannan na ɗaga waya na kira masu kula da yara,
hannuna na rawa, muryata ba ta yi ba.

Mutumin ya ce zai je ya gyara fakin.
Bai dawo ba.

Uwar ta same ni wajen injin shayi.
Ta ce, za ku ƙwace min shi?
Na ce ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba,
na faɗi abin da na gani.
Ta ja hannun rigarta ta rufe wuyan hannu,
amma ta makara, na riga na ga nata.
Na ce, zauna. Ke ma akwai wadda za ta saurare ki.

Da asuba na leƙa shi kafin in sauka.
Ya yi barci da burodi a dunƙule cikin hannu,
rabi ya ci, rabi ya ɓoye saboda gobe.

A cikin bas mai lamba hamsin da shida
tsuntsayen teku na ihu bisa rufin kantuna,
na jingina kai da gilashi mai sanyi
na kira sunan Ɗanliti sau ɗaya, a hankali.